Hayyaci, Hankali da Gangar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu fara nazarin falsafar hankali. An jera su daga na farko-farko zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, sai dai inda aka yi nuni zuwa wata domin ƙarin bayani.

1. Me ake nufi da hayyaci a wannan fage?

Idan likita ya ce majiyyaci ya dawo hayyacinsa, yana nufin ya farka, yana gane mutane, yana kuma amsa magana. Masana falsafa daga nan suke tashi, amma abin da suke nema ya fi wannan zurfi, wato jin da mai rai yake yi daga cikinsa: raɗaɗin haƙori, jan launi a ido, ɗacin magani a harshe, faɗuwar gaba. Wanda aka yi wa allurar barci kafin tiyata zuciyarsa tana bugawa, ƙwaƙwalwarsa ba ta daina aiki ba, amma daga lokacin da idonsa ya rufe zuwa lokacin da ma'aikaciyar jinya ta kira sunansa, babu komai a wurinsa, ko duhu babu, ko jin wucewar lokaci. Abin da ya ɗauke a tsakanin nan, ya kuma dawo, shi ne hayyaci.

Hankali ya fi hayyaci faɗi, domin ya ƙunshi tunawa da lissafi da fahimtar harshe, waɗanda mafi yawansu suke gudana ba tare da mutum ya san ana yi ba. Sanin kai kuma wani mataki ne daban, tun da jariri yana jin yunwa da sanyi tun kafin ya san cewa shi wani ne.

2. Mece ce matsalar hankali da gangar jiki?

Gangar jiki tana da tsawo da nauyi da wurin zama, ana iya auna ta a kan sikeli. Tunani kuwa ba a san nauyinsa ba, kuma ba wanda zai iya faɗin kewar iyaye taku nawa ce. Duk da wannan bambanci, kowannensu yana taɓa ɗan uwansa: ƙaya ta soki ƙafa sai a ji zafi, a yi niyya sai hannu ya ɗaga, kunya ta kama mutum sai gumi ya keto masa. Tambayar ita ce, yaya abubuwan da suka sha bamban haka suke aiki tare? Amsoshin sun kasu gida uku: masu cewa abu biyu ne (tambaya ta 3 da ta 4), masu cewa duk jiki ne (ta 5, ta 6 da ta 8), da masu neman hanya ta uku (ta 9).

3. Masu cewa hankali daban, jiki daban, mece ce hujjarsu?

Wannan ra'ayi ya daɗe, tun zamanin Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, amma hujjarsa mafi kyau ta fito ne daga Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037. A littafinsa Al-Shifa ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, yana shawagi a sarari, idonsa a rufe, ba ya jin sauti, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna, ko iska ba ya ji a fatarsa. Wannan mutum bai san yana da hannu ko zuciya ba, amma a ganin Ibn Sina ba zai yi shakkar cewa yana nan ba. To, idan ya tabbatar da kansa alhali bai tabbatar da jikinsa ba, ke nan kansa ba jikinsa ba ne.

Bayan sama da shekara 600, René Descartes na Faransa ya bi makamanciyar wannan hanya a littafinsa na 1641. Ya ce yana iya shakkar duk abin da idonsa ya nuna masa, har da jikinsa, amma ba zai iya shakkar cewa yana tunani ba, domin shakkar ma tunani ce. Daga nan ya yanke hukunci cewa akwai abu mai tunani marar faɗi, akwai kuma abu mai faɗi marar tunani. Masu suka sun ce iya raba abu biyu a tunani ba ya nuna rabe suke a zahiri, domin mutum yana iya sanin ruwa sarai bai san sinadaran da suka haɗu suka yi shi ba.

4. Ina raunin wannan ra'ayi yake?

Wadda ta yi fice wajen sa yatsa a kan raunin ita ce Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya, a wasiƙar da ta aika wa Descartes a 1643. Ta tambaye shi yadda abin da ba shi da faɗi kuma ba ya taɓuwa zai motsa jiki, alhali motsa abu sai da turawa ko haɗuwa. Descartes yana ganin mahaɗar tana wani ɗan ƙaramin ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai dai faɗin wurin haɗuwa bai bayyana yadda ake haɗuwar ba, kuma amsoshinsa ba su gamsar da ita ba. Daga baya kimiyyar fiziya ta ƙara wa matsalar nauyi, domin idan kowane motsi na jijiya yana da cikakken sanadi na zahiri, ba a ga ƙofar da hankali marar jiki zai shigo ta ciki ba.

Anton Wilhelm Amo, wanda aka haifa kusa da Axim a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya kuma koyar a jami'o'in Halle da Jena na Jamus, ya ɗauki wata hanya a kundinsa na 1734 a Wittenberg. Ya yarda hankali daban ne, amma ya ce ji da raɗaɗi na rayayyen jiki ne, hankali sanin su kawai yake yi. Shi kuwa Thomas Huxley a 1874 cewa ya yi hayyaci kamar usur ɗin jirgin ƙasa yake, injin ne ke haifar da shi amma ba ya tura jirgin. Wannan ya kauce wa tambayar gimbiya, sai dai farashinsa da tsada, domin yana nufin ba zafin da mutum ya ji ne ya sa shi zuwa asibiti ba.

5. Shin binciken ƙwaƙwalwa bai riga ya kashe maganar ba?

Ya tabbatar da abu guda ba tare da ja-in-ja ba: hankalin ɗan Adam, a wannan rayuwa, ya dogara da ƙwaƙwalwa ƙwarai. A 1848 wani ƙarfe ya huda kan Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont ta Amurka, ya shiga ta kuncinsa na hagu ya fita ta saman kansa. Ya rayu har 1860, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya (ko da yake masu ba da labarin daga baya sun ƙara gishiri, domin mutumin ya yi shekaru yana aikin tuƙin keken doki a ƙasar Chile). A 1861 Paul Broca ya nuna cewa lalacewar wani yanki a gefen hagu na ƙwaƙwalwa tana hana magana. A shekarun 1960 Roger Sperry da Michael Gazzaniga sun yi nazarin masu farfaɗiya da aka raba musu mahaɗar ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, suka ga hannun hagu yana zaɓo abin da baki yake musun an gani.

A kan irin wannan ne U. T. Place a 1956 da J. J. C. Smart a 1959 suka ce kowane ji shi ne ainihin wani aiki na ƙwaƙwalwa, kamar yadda walƙiya ita ce ainihin gudun lantarki. Amma a lura, gwaji yana nuna tafiya tare ne: idan wannan yanki ya motsa, mutum ya ce ya ji kaza. Cewa su biyun abu ɗaya ne ƙarin hukunci ne na falsafa, mai ƙarfi ƙwarai, amma na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba ta ɗauko shi ba. Dalilin da ya sa wasu suka ƙi amincewa da shi yana tambaya ta 7.

6. Mene ne ra'ayin da ke cewa hankali aiki ne?

Hilary Putnam a 1967 ya ce idan zafi shi ne motsin wata jijiya irin ta ɗan Adam, to dabbar tekun nan mai hannaye takwas, wadda tsarin jijiyoyinta ya sha bamban da namu, ba ta jin zafi ke nan, kuma wannan hukunci ne da ba mu da ikon yankewa. Don haka ya ce a bayyana zafi da aikinsa: abin da rauni ke haifarwa, wanda shi kuma yake haifar da janye jiki da gudun maimaitawa. Duk abin da ya cika wannan aiki yana da zafi, ko da me aka gina shi. Wannan ra'ayi ne ya buɗe ƙofar tambayar kwamfuta (ta 11).

7. Me ake nufi da "matsala mai wuya"?

David Chalmers, ɗan Ostareliya, shi ya yaɗa wannan suna a 1995. Ya ce bayyana yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe launi, ko adana labari, ko mai da hankali, aiki ne babba amma an san hanyarsa: a gano tsarin da ke yin aikin. Abin da ba a san ko ta ina za a ɓullo masa ba shi ne dalilin da ya sa duk wannan aiki yake tafiya tare da ji na ciki. Me ya sa ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 ba su yi aikinsu a cikin duhu ba, babu wanda ke ji? Masanin falsafa na Jamus Leibniz ya hango haka tun 1714, inda ya ce da za a faɗaɗa na'ura mai tunani har mutum ya shiga cikinta kamar yadda ake shiga gidan niƙa, ba abin da zai gani sai sassa suna tura juna, ba zai ci karo da ji ba.

Misalai biyu sun fi shahara. Thomas Nagel a 1974 ya ɗauki jemage, wanda yake gane hanya ta hanyar fitar da sauti da sauraron dawowarsa. Muna iya sanin kowace jijiya ta kunnensa, amma yadda duniya take a wurin shi jemagen ya kuɓuce mana, iyaka mu ƙaddara kanmu muna rataye a bishiya, wanda kuma ba shi aka tambaya ba. Frank Jackson a 1982 ya kawo misalin Mary, masaniyar da ta tashi a ɗakin da babu launi sai baƙi da fari, ta kuma haddace duk abin da kimiyya za ta iya faɗa game da gani. Ranar da ta fito ta ga jan abu, shin ta koyi wani sabon abu? Idan ta koya, to ashe akwai sanin da bayanin zahiri bai ƙunsa ba.

A ganina a nan gizo ke saƙa, kuma duk wanda ya wuce wannan wuri da sauri bai fahimci dalilin da ya sa aka shafe ƙarnoni ana wannan muhawara ba. Kimiyya ta samu nasararta ne ta hanyar ajiye mahangar mai kallo a gefe, domin ma'aunin zafi ya ba kowa amsa ɗaya. Amma hayyaci shi ne mahangar da kanta, don haka hanyar da ta yi aiki a ko'ina sai ta zo nan ta ajiye ainihin abin da aka aike ta nema.

8. Yaya masu cewa duk jiki ne suke amsa wannan?

Amsoshinsu ba na wasa ba ne. Wasu sun ce Mary ba ta samu sabuwar gaskiya ba, sabuwar ƙwarewa ta samu, ta gane ja da tuna shi. Wasu sun ce tsohuwar gaskiya ta sani ta sabuwar hanya. Jackson kansa daga baya ya janye daga hujjarsa ya koma ɓangarensu. Suna kuma tunatar da mu cewa an taɓa ganin rayuwa kanta ba za ta bayyanu ba sai da wani ƙarfi na musamman, har ilimin sinadarai da na ƙwayoyin halitta suka rushe wannan zato.

Daniel Dennett, a littafinsa na 1991, ya fi kowa nisa. Ya ce babu wani dandali a cikin kai inda ake nuna wa mutum hotuna yana kallo, kuma yaƙinin da muke da shi cewa akwai wani sirri na ciki shi kansa aikin ƙwaƙwalwa ne da ya kamata a bayyana. Gaskiya ne cewa mutum yana yawan kuskure game da abin da ke faruwa a cikinsa. Inda nake ganin hujjar ta gaza shi ne, ko da mutum ya yi kuskure a kan sanadin raɗaɗinsa ko wurinsa, da wuya a ce ya yi kuskure cewa yana jin raɗaɗin, domin ruɗin ma sai da mai jinsa.

9. Akwai hanya ta uku?

Akwai fiye da ɗaya. Aristotal ya ce rai shi ne sura da tsarin rayayyen jiki, kuma tambayar ko su biyun ɗaya ne kamar tambayar ko kakin zuma da tambarin da aka buga a kansa ɗaya ne. Spinoza, a littafinsa da ya fito a 1677, ya ce abu ɗaya ne mai fuska biyu, tunani da faɗi. George Berkeley a 1710 ya juya maganar gaba ɗaya, ya ce hankali ne asali, abin da muke kira jiki tarin abubuwan da ake ji ne.

A 1927 Bertrand Russell ya lura cewa fiziya tana faɗin yadda abu ke aiki da alaƙarsa da wasu, amma ta yi shiru a kan yadda yake a kansa. Wasu masana na yanzu, irin su Galen Strawson da Philip Goff, sun ce wataƙila wannan ciki da aka yi shiru a kansa wani ɗan ƙanƙanin ji ne da ke cikin kowace ƙwayar zarra ta kowane abu. Ba suna nufin dutse yana tunani ba. Ƙarfen ƙafarsu shi ne abin da William James ya nuna tun 1890: yaya ƙananan ji masu ɗimbin yawa za su haɗu su zama mutum guda mai jin kansa?

10. Waɗanne ka'idoji masana kimiyya suke gwadawa yanzu?

Sun samu mashiga ne daga inda aiki da ji suka rabu. A shekarun 1970 Lawrence Weiskrantz ya yi nazarin majiyyacin da wani sashe na cibiyar gani a ƙwaƙwalwarsa ya lalace. Idan aka nuna masa abu a gefen da ya makance sai ya ce bai ga komai ba, amma da an matsa masa ya yi canki, sai ya riƙa nuna wurin daidai fiye da abin da sa'a za ta iya bayarwa. Labarin ya shiga, an yi aiki da shi, amma ba a ji shi ba.

Bernard Baars a 1988, sannan Stanislas Dehaene, sun ce labari yana shiga hayyaci ne idan aka watsa shi ga sassan ƙwaƙwalwa da yawa a lokaci guda. Giulio Tononi a 2004 ya ce hayyaci shi ne gwargwadon dunƙulewar bayanai a cikin tsari, yadda gaba ɗayansa ya fi tarin sassansa. Har yanzu a cikin waɗannan ka'idoji biyu ba wadda ta kayar da wata. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi caca da Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa, a 2023 kuma ya amsa a bainar jama'a cewa ya faɗi.

11. Kwamfuta za ta iya samun hayyaci?

Amsar ta rataya ne a kan ra'ayin da mutum ya ɗauka. Alan Turing a 1950 ya ba da shawarar a duba ko na'ura za ta iya hira har a kasa bambanta ta da mutum. John Searle a 1980 ya mayar da martani da misalin mutumin da aka kulle a ɗaki, bai san Sinanci ba, amma yana da littafin ƙa'idoji da ke gaya masa wace alama zai miƙa idan aka turo masa wata. Na waje za su rantse ya iya harshen, alhali shi bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Masu ra'ayin aiki (tambaya ta 6) sun ce fahimtar tana ga tsarin gaba ɗaya, ba ga mutumin ba. Ka'idar Tononi kuwa tana nuna kwamfutocin da muke da su ba su da hayyaci na a zo a gani, komai iya zancensu. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, na'urar da ta koyi magana daga rubutun mutane za ta ce tana ji ko tana ji ko ba ta ji, don haka furucinta kaɗai ba shaida ba ne.

12. Shin gwajin Libet ya nuna ba mu da zaɓi?

A 1983 Benjamin Libet ya sa mutane su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, su kuma lura da lokacin da suka ji niyyar. Ya ga wata alamar lantarki tana tasowa a ƙwaƙwalwa kimanin rabin sakan kafin motsin, alhali jin niyyar yana zuwa ne kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafinsa. Wasu suka ce ashe ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci kafin mutum ya sani. Sai dai motsa yatsa babu dalili ba shi ne zaɓin aure ko na sana'a ba, kuma a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya fassara alamar a matsayin kai-komon da ƙwaƙwalwa ke yi dama, ba hukuncin da aka riga aka yanke ba.

13. Ina matsayin ruhi a wannan muhawara?

Ruhi a ma'anar addini da hayyaci a ma'anar falsafa suna da dangantaka, amma ba tambaya ɗaya ba ce. Aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta bayyana cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mutane kaɗan ne. Wannan bai hana malaman Musulunci nazarin nafsu da hankali ba, kuma sun saɓa: Ibn Sina ya ce nafsu ba jiki ba ce, da yawa daga malaman kalam, wato ilimin tauhidi, sun ɗauki ruhi a matsayin jiki mai laushi da ke ratsa gaɓoɓi, Mulla Sadra kuma a ƙarni na 17 ya ce nafsu tana farawa a jiki sannan ta ɗaukaka ta wanzu a ruhance. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba ta tabbatar da ruhi, ba ta kuma kore shi.

14. Wane amfani wannan muhawara take da shi a aikace?

Amfaninta ya fi bayyana a gefen gadon asibiti. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Cambridge ta Ingila sun sa wata mata 'yar shekara 23 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Hatsarin mota ya bar ta idonta a buɗe amma ba ta amsa komai, har likitoci suka ɗauka babu hayyaci a tare da ita. Aka ce mata ta ƙaddara tana buga wasan tanis, sai yankin da ke tsara motsi ya kama aiki. Aka ce ta ƙaddara tana zagaya ɗakunan gidanta, sai wani yanki daban ya amsa, daidai yadda ake gani ga masu lafiya. A wani nazari na 2010 da ya haɗa majiyyata 54, biyar sun iya yin haka, ɗaya kuma ya amsa tambayoyin i ko a'a ta wannan hanya. Yadda ake magana a gaban irin waɗannan majiyyata, da ba su maganin raɗaɗi, da shawarar ci gaba da jinya, duk sun dogara da abin da aka ɗauka shaidar hayyaci ne.

Haka abin yake ga dabbobi. A 2012 wasu masana sun sa hannu a Sanarwar Cambridge, wadda ta ce dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye da wasu halittun teku suna da tsarin jijiyoyin da ke haifar da hayyaci, a 2022 kuma dokar jin ƙan dabbobi ta Birtaniya ta sanya ƙaguwa da dabbar nan mai hannaye takwas (tambaya ta 6) cikin halittun da gwamnati za ta yi la'akari da jinsu wajen tsara manufofinta.